Halo da Layin Gidan Gwamna

Sunan da aka raɗa mata daban ne, amma tun ranar da ta kama aiki a gidan waya ba a ƙara jin sa a bakin kowa ba. Halo ake ce mata. Yayanta ne ya fara, don tsokana. Ta dawo daga aikin ranar farko da shatin abin sauraro a kunnuwanta, shi kuwa ya ɗauki kofi ya kara a kunne, ya maƙe murya ya ce, "Halo, halo, a haɗa ni da kicin, yunwa za ta kashe ni." Kafin sati ya zagayo unguwa ta ɗauka. Mahaifinta kaɗai ya tsaya a kan Auta, don ita ce ƙarshen 'ya'yansa.

Baba bakanike ne a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa. Shekara talatin ya yi a ƙarƙashin injuna, har wani inji ya cinye masa yatsu biyu na hagu. Samarin Turawa huɗu ya koya wa riƙon sifana, kuma duka huɗun a kan idonsa suka zama iyayen gidansa. Da maƙwabta suka yi ta surutu don ya bar 'yarsa ta yi nisa a makaranta, bai tanka musu ba. Ita ya kira.

"Auta, ni da hannu na yi musu aiki, ga abin da suka bar mini." Ya ɗaga hannun. "Ke da kai za ki yi. In ga ta inda za su gutsure shi."

Tana da shekara goma sha tara aka ɗauke ta a ɗakin tarho, saboda harshen Turawa ya zauna a bakinta, ga ta da saurin hannu. Ɗakin yana saman bene, dogo ne, tagoginsa biyu suna kallon tashar jirgi. Fanka ɗaya ce a rufi, tana juyawa kamar an yi mata dole. A jikin bango akwai katon allo na katako cike da ramuka jere-jere, kowane rami da lambarsa da 'yar fitilarsa. In mutum ya ɗaga tarho a ko'ina cikin gari, fitilarsa sai ta kama. Halo ta soka igiya mai kan tagulla a raminsa, ta tambaye shi wa yake nema, ta soka ɗaya kan igiyar a ramin wancan. Da ta ji sun gaisa sai ta tura makunni ta cire kunnenta, ta koma kan wata fitilar. In sun gama, ta zare igiyar.

Layin ramukan da ke can sama an shafa masa jan fenti. Nan gidan Gwamna yake, lamba ɗaya, da ofishin Kwamandan 'yan sanda, da kulob ɗin Turawa, da gidajen manyansu. Doka ce, in jar fitila ta kama a bar kowa a amsa ta.

Ba ta cika wata uku ba ta taka dokar. Fitilar asibitin gari da ta kulob suka kama tare, ta amsa asibiti. Mai kulob ya jira ƙasa da minti ɗaya, amma kafin a tashi aiki ƙara ta iso teburin Baturen da ke shugabantar gidan wayar. Mai Lofe suke ce masa, don ko magana yake yi lofen ba ya barin bakinsa.

"Ba ki ga jar fitila ba?"

"Na gani, yallaɓai. Asibiti likita suke nema, mace ce ke zubar da jini. Kulob ƙanƙara suke nema."

"Yaya aka yi kika san ƙanƙara suke nema tun ba ki amsa ba?"

"Kullum ƙarfe huɗu ita suke nema."

Mai Lofe ya rubuta mata gargaɗi. Ta karɓa, ta ninke, ta kai gida, Yaya ya karanta wa kowa da muryar Bature, suka yi dariya har Baba ya ƙware. Amma ba a kore ta ba. Kira uku take haɗawa kafin wata ta haɗa ɗaya, kuma lambobin gari kaf suna kanta.

A shekara ta uku ta auri wani tela mai shago a bakin titin tasha, mutum mai sanyin hali, wanda in ya buɗe baki sau biyar a yini to ranar ya yi surutu. Mutane suka ce wannan aure ya yi daidai, ita ta yi maganar, shi ya yi shirun. Tela da kansa yakan ce, "Ni ma layi nake bi. In jar fitila ta kama, ajiye ni take yi."

A waɗannan shekarun ne maganar mulkin kai ta fito daga ɗakuna ta hau titi. Da a raɗa ake yin ta, yanzu har a bakin famfo. Yaya, wanda ya gaji Baba a ma'aikatar jirgi, ya shiga ƙungiyar ma'aikata da ƙafa biyu. Ofishin ƙungiyar wani ɗaki ne a bayan kantin littattafai, da tarho ɗaya da suke aro. Rannan Mai Lofe ya kira Halo, ya rufe ƙofa, ya ba ta kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Akwai wata lamba a kantin littattafai. In an kira ta, kada ki cire kunnenki. Ki rubuta abin da kika ji, ki kawo mini. Za a ƙara miki girma."

"Yallaɓai, an ɗauke ni in haɗa maganar mutane ne, ba in sace ta ba."

"Umarni ne."

"To a rubuto mini shi a takarda, da sa hannunka, in liƙa a jikin allo kowa ya gani."

Ya dube ta, ta dube shi. Bai rubuta ba. Aka ba wata aikin, girman da aka ce za a ƙara ya bi ta can. Halo ta koma kan allonta. Ko Yaya ba ta gaya wa sunan wadda aka ba ba, cewa kawai ta yi, "Ku dinga taka sayyadarku ku je ku gaya wa juna magana baki da baki. Tarho ba ɗakin uwarku ba ne."

Tana shekara ta bakwai a aiki aka kama shugabannin ƙungiyar su biyar, don sun rubuta takarda suna neman a sa ranar da Turawa za su miƙa mulki. Washegari ma'aikatan jirgi suka ajiye aiki. Masu dako suka bi, direbobi suka bi. Ma'aikatan tarho ƙungiya ce ta ce su zauna a kujerunsu saboda asibiti. Gari ya yi tsit, ba kukan jirgi, ba hayaƙi.

Rana ta tara ta yajin, Talata ce, mutane suka taru a ƙofar tasha tun da hantsi suna neman a saki shugabanninsu. Daga tagar ɗakin tarho Halo tana hango kawunansu, da layin 'yan sanda a gabansu. Ƙarfe goma da minti ashirin fitilar ofishin mai kula da tasha ta kama. Ta soka igiya. Muryar Kwamanda ce, yana haki.

"Gidan Gwamna. Maza."

Ta haɗa. Sakatare ya ɗauka, ta ce Kwamanda ke neman Gwamna, ya ce a dakata. Sai ta ji muryar Gwamna, wadda ta sani sarai, ta ce, "Ina jin ka." Nan ta tura makunni ta cire kunnenta kamar kullum. Fitilun biyu suka yi minti huɗu a kunne, sannan suka mutu. Ta zare igiya.

Ba a yi minti goma ba ta ji ƙarar. Da farko ta ɗauka kwanon rufi ne ake saukewa daga mota. Sai ihu ya biyo baya, ta gane harbi ne. Sauran matan suka ruga taga. Ita ba ta tashi ba, don allo ya kama gaba ɗaya kamar an watsa masa garwashi. Asibiti na neman likitoci, likitoci na neman mota, iyaye na neman asibiti. Ta yi ta soka, tana zarewa, hannuwanta suna ta aiki. Wajen ƙarfe goma sha biyu fitilar asibiti ta sake kamawa.

"Wa kike nema?"

"Halo, ke nake nema." Wata nas ce da suka yi makaranta tare. "Yayanki yana nan. Sai dai haƙuri."

Halo ta ce, "Na ji." Ta soka igiya a lambar kantin da ke kusa da gidansu, ta roƙi mai kantin ya je ya zauna kusa da Baba kafin ta iso, kada ya bar shi ya ji a bakin titi. Ta haɗa kira biyu da ke jira. Sannan ta cire abin sauraro ta rataye, ta sauka daga benen tana dafa bango. Mutum goma sha ɗaya aka kashe a ranar.

Abin ya yi girman da ba ya rufuwa. Jaridu suka ɗauka har ƙasashen waje, dole aka turo wani alƙali daga ƙasar Turawan ya yi bincike. Kafin ya iso, gwamnati ta shirya labarinta: wai masu yajin aiki sun yanke wayoyin tarho tun asuba, Kwamanda ya nemi Gwamna bai samu ba, taro ya auka masa, ya kare kansa. Ke nan Gwamna bai san komai ba, kuma matattun su suka jawo wa kansu.

Babban Akawu ne ya hau bene da takardar. Ɗan ƙasa ne, dattijo mai tsabta, ya fi kowa daɗewa a gidan wayar, kuma shi ya karɓi Halo ranar da ta fara aiki. Takardar ta ce layin gidan Gwamna a mace yake ranar Talata daga safe har azahar. Sunansa ne a sama. Sauran matan ɗakin tarho su uku suka sa hannu, idonsu a ƙasa. Ya miƙa wa Halo alƙalami.

Ta karanta har ƙarshe, ta mayar masa.

"Layin bai mutu ba. Ni na haɗa shi."

"'Yata, rage murya. Wa ya tambaye ki abin da kika haɗa? Sa hannu kawai."

"Baba Akawu, kai ka koya mini in dinga duba agogo duk kiran da na haɗa. Goma da minti ashirin."

"Ina da 'ya'ya tara," ya ce a hankali. "Shekara biyu ta rage mini. Mutanen nan tafiya za su yi, ko ba yau ba. Ki sunkuya su wuce mana."

"Yaya ma bai tare musu hanya ba. A tsaye kawai yake."

Mai Lofe ya kira ta. Wannan karon ba kujera. Ya ce mai yiwuwa ta rikita ranakun, baƙin ciki yana sa haka. Ta ce ba ta rikita ba. Ya ce akwai hutun wata uku ga wanda aka yi wa rasuwa, tana iya tafiya ƙauye ta huta. Ta ce ba ta da ƙauye, a bayan tasha aka haife ta. Ya cire lofen daga bakinsa, karo na farko da ta ga haka.

"Kin san abin da zai same ki?"

"Na san abin da ya sami yayana, yallaɓai. Nawa ba zai kai nan ba."

Da ta koma shago ta tarar da Tela yana yanka yadi. Ta zayyana masa komai tana tsaye. Bai ɗago ba sai da almakashi ya kai ƙarshen yadin.

"Za su kore ki."

"Na sani."

"To. Dama ina neman mai yi mini guga. Sai dai ban da surutu a shagona."

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kukan da ba ta yi ba tun ranar Talata. Ya ajiye almakashin ya janyo ƙofar shagon.

Labari ya kai kunnen ƙungiya. Kwana biyu kafin zaman bincike, lauyansu ya zo gidan Baba, matashi mai zafin jini, jakarsa cike da takardu. Matar Yaya tana zaune a gefe da jaririya a cinya, ta rame, idanunta sun faɗa. Lauya ya saurari Halo yana gyaɗa kai, har ta kai inda Gwamna ya ce yana ji.

"Sai me ya ce?"

"Ban sani ba. Na cire kunnena."

"Hajiyata, minti huɗu fa. Ko kalma ɗaya ba ta faɗo miki ba? Kowa ya san abin da aka faɗa a wayar nan. In kika ce kin ji ya ce a yi harbi, mutumin nan ya gama yawo."

"Ni ma na san abin da aka faɗa. Amma ban ji ba."

Matar Yaya ta ɗago. "Halo, yayanki ne fa. Uwa ɗaya uba ɗaya. Su sun zauna sun ƙulla ƙarya shafi guda, ke kalma uku ta gagare ki?"

"Matar Yaya, in na ƙara ko ɗigo ɗaya, za su kamo shi su ja, duk sauran ya warware. Kuma ko ba su kama ba, ni na sani."

"Ke kin sani! Marayun nan su ci saninki." Ta saɓa jaririyar a kafaɗa ta shige ɗaki, ta bugo ƙofa.

Lauya ya juya wajen Baba. "Baba, ka sa baki."

Baba ya girgiza kai. "Ɗana na rasa, Lauya. Ba zan haɗa da bakin 'yata ba. Auta, abin da kika gani shi za ki faɗa."

A babban zauren majalisar gari aka yi zaman. Turawa a kujerun gaba, 'yan ƙasa a benci a baya, sauran sun cika tagogi. Halo ta sa rigar da Tela ya ɗinka mata, shuɗiya mai dogon hannu. Aka ba ta tafinta, ta ce a bar shi ya huta, za ta yi da harshensu don kada wata kalma ta ɓace a hanya. Ta faɗi lokaci, ta faɗi lambobin, ta faɗi wanda ya ɗauka da wanda aka miƙa wa.

Lauyan gwamnati ya miƙe, dogon mutum mai murmushi.

"Kin tabbata muryar Gwamna ce?"

"Shekara bakwai ina jin ta. Na san ta da safe, na san ta in yana mura."

Aka yi dariya a baya, alƙali ya buga tebur.

"Abokan aikinki huɗu sun sa hannu cewa layin a mace yake. Duk maƙaryata ne?"

"Ba su ne a kan jan layin ba ranar. Ni ce."

"Kina da ɗan'uwa cikin waɗanda suka mutu?"

"Ina da."

"To ba baƙin ciki ne ke magana da bakinki ba?"

"Da baƙin ciki ne, yallaɓai, da na ce na ji abin da suka faɗa. Ka tambaye ni mana."

Murmushin ya ragu. Bai so tambaya ba, amma alƙali ya duƙo ya yi ta da kansa. "Kin ji abin da suka faɗa?"

"Ban ji ba. Ba na sauraron maganar mutane. Shugabana yana nan zaune, ya taɓa neman in yi, na ƙi. A tambaye shi."

Duk zauren ya juya wajen Mai Lofe. Kunnuwansa suka yi ja wur. Daga benci kuma wani ya yi tsaki mai ƙarfi, don mutane sun zo ne su ji an ce Gwamna ya ce a yi harbi.

Bayanta aka kira mai gyaran wayoyi, wani gajeren mutum da ake ce wa Mai Tsani. An sa ran zai ce ya ga inda aka yanke. Ya tsaya yana murza hularsa, ya dubi Halo, sannan ya ce shi dai tun Litinin har Laraba ba wanda ya aike shi gyara ko'ina, tsaninsa ma yana jingine a bayan ofis, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa.

Rahoton ya fito bayan wata huɗu. Ya ce layin lafiyarsa ƙalau, kuma an yi magana da gidan Gwamna kafin harbin. Bai ce ga wanda ya ba da umarni ba. Ba a hukunta kowa ba. Kwamanda aka sauya masa gari. Gwamna kuwa, kafin shekara ta ƙare aka ce rashin lafiya ta kama shi, ya koma ƙasarsu. Amma daga ranar ba wanda ya ƙara cewa matattun su suka jawo wa kansu, kuma duk taron da aka yi na neman mulkin kai, sai an ɗaga rahoton nan sama.

Halo ba ta jira rahoto ba kafin ta ga sakamakonta. Sati ɗaya da zaman aka miƙa mata takardar kora, ita da Mai Tsani, wai sun fitar da sirrin aiki. Ta sauko daga bene da kofin shayinta da 'yar matashin da take jingina da ita, ta tsallaka titi ta shiga shagon mijinta, ta ce, "Ina dutsen gugar?"

Shekara shida ta yi tana guga da ɗinkin maɓalli. Ba ta iya ba da farko, ta ƙona wandon wani malamin makaranta har sai da Tela ya mayar da shi gajere. Cikin gari kuwa ra'ayi ya rabu. Wasu in sun gan ta sai su tsaya su gaishe ta da girmamawa. Wasu suna cewa ita ta kuɓutar da Gwamna, da ta buɗe baki da yanzu yana kurkuku. Akwai waɗanda suka daina kawo ɗinki. Wata rana wani ya faɗa mata haka a fuska a bakin shago. Ta ajiye dutsen guga ta fito.

"Ranar da aka kira shaida, kana ina?"

"Ina taga."

"To koma tagar."

Matar Yaya ta yi shekara biyu ba ta yi mata magana ba. Halo ba ta fasa zuwa ba. Duk ƙarshen mako sai ta je ta kwashi kayan yaran, ta wanke, ta goge, ta dawo da su ta ajiye a bakin ƙofa. Rannan ta zo ajiyewa, ta ji murya daga ciki: "In za ki shigo ki shigo, kin tsaya kamar mai kawo sammaci." Ta shiga. Ba su tayar da tsohon zance ba, ranar ko bayanta.

A hankali Turawa suka fara tattara komatsansu. Aka yi zaɓe, aka sa ranar miƙa mulki. Mai Lofe ya tafi, aka riƙe Babban Akawu bayan lokacin ritayarsa ya wuce, aka ɗora shi a kujerar. Watanni uku kafin ranar, ya aiko a kira Halo. Ta same shi ya tsufa, kujerar ta yi masa girma.

"'Yata, ina neman wadda za ta shugabanci ɗakin tarho. Ba ni da kamarki." Ya yi gyaran murya. "Abin da ya wuce kuma, kin san yadda zamanin yake."

"Na san yadda yake, Baba Akawu. A cikinsa nake."

Ya sunkuyar da kai. Ta bar shi ya ɗan jima a haka, sannan ta ce, "Mu biyu aka kora."

"Mai Tsani? Ai ya tsufa da hawa turke."

"Bai tsufa da koya wa masu hawa ba. Yana can yana gyaran kekuna a bakin kasuwa. In ya dawo, na dawo."

"Har yanzu ba ki sauya ba."

"Guga na yi shekara shida, ba wankin kai ba."

Ranar Litinin su biyu suka shiga ta babbar ƙofa.

Da ranar miƙa mulki ta zo, aka aiko mata da kati na zama a rumfar manya. Ta kai wa Matar Yaya, ta ce kujerar tata ce, ita ta biya ta da abin da ya fi tsada. Tela ya raka ta, ita da yaran, zuwa filin bikin. Halo ta zauna a gida da Baba, wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, idonsa ma ya yi rauni. Ta jawo rediyo kusa da gadonsa. Suka ji jawabi, suka ji ihun jama'a, har ƙarar tana shigowa ta taga kafin ta fito ta rediyon.

"Auta, sun tafi?"

"Sun sauke tutarsu, Baba. Suna ninkewa."

"A duba su da kyau a bakin ƙofa. Akwai sifanata guda biyu da ban gani ba tun zamanin na farkon samarinsu da na koya wa aiki."

Baba ya ƙara shekara ɗaya a duniya. Halo kuwa ta yi goma sha huɗu tana shugabantar ɗakin tarho, mata sama da arba'in suka koyi aiki a hannunta, suna tsoronta suna kuma kawo mata ƙarar mazajensu. Ta yi faɗa da shugabanni uku 'yan ƙasa, ɗaya a kan fanka, biyu a kan hutun haihuwa, kuma duka ukun ita ta ci. Da aka kawo injin da ke haɗa kira da kansa, aka ce ta zo a koya mata. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta saurari ƙaf-ƙaf ɗinsa, ta ce wa injiniyan, "Wannan ba ya bukatata, ni ma ba na bukatarsa." Ta rubuta takardar ajiye aiki a ranar, ta tsallaka titi. Tela, wanda idonsa ya fara gajiya da ramin allura, ya miƙo mata zare ba tare da ya ɗago ba.